Gwaggon Ƙasa da Tsuntsuwa

A gidan benen da ke bayan tashar mota babu mai kiranta da ainihin sunanta. Gwaggon Ƙasa ake ce mata, domin akwai wata gwaggon a hawa na biyu, mai yawan faɗa da yara a kan ƙwallo, dole aka nemi hanyar bambanta su. Ɗakinta ne na farko in ka shigo, dab da matakala. Gado ne a ciki, da kujera mai hannu da mijinta ya bari, da murhun gas, da wani ɗan firji da ke karkarwa duk lokacin da ya tashi aiki, kamar tsohon da sanyi ya kama.

Ƙuruciyarta duka a kicin ɗin wani otel ta ƙare, amma ba ta taɓa ɗora tukunya a can ba. Aikinta feraye. Da safe za ta zauna a kan 'yar kujera a ɗakin baya, buhun dankali a dama, buhun karas a hagu, bahon ruwa a gaba, ta yi ta yi har la'asar. Kuku nawa suka zo suka tafi, ita tana nan. Babban yatsanta na dama ya yi kanta, ya tsattsage kamar bawon itace. Ɓawon da take cirewa kuwa, don siranta, in ka ɗaga shi sai ka hangi hasken taga ta ciki. Kabewa ma ƙwanƙwasa ta kawai take yi da ƙarshen wuƙa, ta faɗa maka ko ta nuna ko ruwa ne ya cika ta.

Mijinta direban bas ne, mutum mai raha da son shayi. Allah bai ba su haihuwa ba. Sun je asibiti, sun sha magani, daga baya suka haƙura. Idan 'yan'uwa suka taso da maganar, sai ya yi dariya ya ce, "Ku ƙyale mu. Mu biyun nan ma mun ishi juna rigima." Ya rasu ba da daɗewa ba kafin otel ɗin ya sayo injin feraye. Aka yi mata godiya, aka ba ta agogon bango, ta naɗe wuƙarta a tsumma ta dawo gida.

Abu ɗaya mutanen gidan suka lura da shi, ba ta ɗaukar jarirai. In an miƙo mata, za ta karɓa da hannu biyu kamar an ba ta tiren ƙwai, ta sa albarka, ta mayar nan take. Wasu suka ce ba ta son yara. Ba haka ba ne. Tsoro take ji, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Wata safiya tana shan shayi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai Lantarki ne, matashin magidancin da ke hawa na uku, wanda ya taɓa gyara mata fanka ya ƙi karɓar komai. Idonsa ja, jakar aiki a kafaɗa ɗaya, 'yarsa a ɗaya kafaɗar tana tsala ihu. An sa mata riga a baibai, safa a ƙafa guda.

Gidan duk an san abin da ya faru. Matarsa tela ce, mota ta buge ta a hanyar dawowa daga shago, ƙugunta da cinyarta suka karye. Tana kwance a babban asibiti can ƙarshen gari, kuma likitoci sun ce zaman na watanni ne. Mahaifiyarsa tana nesa, ita ma ba lafiya gare ta ba. Maƙwabta sun yi ta karɓa-karɓa da yarinyar, amma kowa da nasa aikin.

"Gwaggo, ki yi mini rai," in ji shi. "In ban fita yau ba za su ba wani aikin. Zuwa azahar kawai. Ga madararta, ga kwalbar."

"Ni? Ɗan nan, ban iya ba fa."

"Ni ma ban iya ba, Gwaggo. Dubi rigar."

Ta dubi rigar. Kafin ta sami abin cewa ya ajiye mata yarinyar a cinya, ya yi godiya, ya fice.

Yarinyar ta rame. Wata bakwai gare ta, an raba ta da nono rana tsaka, madarar gwangwani kuwa sai ta tsotsa kaɗan ta ture. Gwaggo ta jijjiga, ta yi waƙa, ta nuna mata agogon bango. Duk a banza. Da ta rasa dabara sai ta koma ga abin da ta sani. Akwai rabin kabewa a firji. Ta kwantar da yarinyar a tsakiyar gado, ta tare ta da matasai, ta fere kabewar, ta dafa, ta murje da bayan cokali, ta barbaɗa ɗan gishiri yadda za ta yi wa kanta. Yarinyar ta karɓi cokalin farko, ta yamutse fuska, ta feso shi a goshin Gwaggo.

"To, madalla," in ji Gwaggo tana share fuska. "Babban kuku ma bai taɓa yi mini haka ba."

Azahar ta zama magariba, yini ɗaya ya zama kullum. Da ranar awo ta zo, Gwaggo ce ta kai ta asibitin unguwa. Nas ɗin awon, wata doguwa mai tabarau, ta ɗora yarinyar a sikeli ta girgiza kai. Gwaggo ta sauke murya ta ce, "'Yata, ni ban taɓa raino ba. Ki koya mini kamar yadda za ki koya wa yarinya mai haihuwar fari."

Nas ta ajiye biro ta zauna kusa da ita. Ta ce kada a daina madara, ita ce babban abincinta har yanzu. Ta ce ban da gishiri, ban da sukari, ban da zuma. Kayan lambu ɗaya za a fara da shi, a yi 'yan kwanaki ana ba ta shi kaɗai, a duba jikinta ko ƙuraje sun fito, a duba cikinta, sannan a gwada wani. Ta ce ya yi laushi sosai tukuna, kuma in ta ƙi kada a ɗura mata, a bari sai gobe.

"Gishirin nan na riga na sa," in ji Gwaggo.

"Ta ci?"

"Goshina ya ci."

Nas ta yi dariya har ta cire tabarau.

Daga nan Gwaggo ta ɗauki abin kamar sabon aiki. Da hantsi za ta goya yarinyar, goyon da maƙwabciyarta, matar mai aski, ta koya mata bayan an sha dariya, ta tafi wurin mai kayan lambu na bakin titi. Nan kam ba a koya mata komai. Ƙananan karas take zaɓa, masu ɗanyen ganye, ta ce manyan sun yi jijiya. Ta karya koren wake ta saurari ƙararsa. Mai kayan lambu ya ce, "Hajiya, wannan bincike haka, sai ka ce za ki aurar da 'ya."

"Wadda zan ba ta fi ka iya zaɓe," in ji ta.

A gida ta daina dafawa cikin ruwa tsamo-tsamo, domin ta ga zaƙin yana tafiya a ruwan. Sai ta ɗora gwagwar ƙarfe a bakin tukunya, ta zuba yankakken karas a ciki, ta rufe, tururi ya yi aikinsa har sai cokali ya shige ba gardama. Ta juye a rariya, ta murza da bayan ludayi, lallausan ya riƙa fitowa ta ƙasa, ja-ja, sumul. In ya yi kauri ta sassauta da ɗan ruwan tukunyar ko da madara. Ta ɗiga a bayan hannunta ta ji zafi. Mai Lantarki ya kawo mata injin markaɗe da ya gyara, ta gwada sau ɗaya, ƙararsa ta firgita yarinyar, ta mayar da shi kwalinsa.

Karas ɗin ma an ƙi shi da farko. Gwaggo ta zaunar da ita a cinya, ta kai cokali, aka kau da kai. Ta sake, aka buge hannun. Sai gajiya ta sa ta kai cokalin bakinta ita kanta, ta lasa, ta ce, "To ni zan cinye abina." Yarinyar ta tsaya da kuka, ta bi cokalin da ido. Gwaggo ta sake lasa, ta lumshe ido, ta yi ta santi kamar wadda aka ba naman kaza. Da ta ɗebo da wani cokalin ta miƙa, sai ga baki a wangame, kai a ɗage, wuya a miƙe, kamar ɗan tsuntsu a sheƙa.

"Iye! Ashe tsuntsuwa ce!"

Sunan ya bi ta. Har ubanta ya koma kiranta Tsuntsuwa.

Bayan karas aka koma kabewa, ba gishiri wannan karon, aka ci lafiya. Dankali mai zaƙi ya zama abin so. Koren wake ya sha tofi. Alayyafo kuwa sai da Gwaggo ta ɓoye shi cikin dankali, duk da haka Tsuntsuwa ta dube ta da idon da ke cewa na gane. Abin da ya rage takan zuba a ƙananan kwalabe da ta tafasa, ta sa a firji, in ya wuce kwana biyu ta cinye da kanta. Ita da ta yi shekaru tana cin abinci a tsaye tun rasuwar mijinta, sai ga ta tana zama, ga abokiyar hira a cinya. Kumatu suka fara fitowa. Wuyan hannu ya yi layi. Ranar awo ta gaba nas ta dubi sikeli, ta dubi Gwaggo, ta ɗaga mata babban yatsa.

Duk ƙarshen mako Mai Lantarki yakan je asibiti. Ba a shiga da jarirai ɗakin marasa lafiya, sai dai ya ɗauki hoto a waya ya kai. Ya ce matar takan riƙe wayar ta yi ta kallo, ta tambayi me ta ci, me ta ƙi, haƙori ya fito ko bai fito ba. Gwaggo ta fara yi masa bayani dalla-dalla kafin ya tafi, har da irin fuskar da aka yi wa koren wake, ta ce ya kwaikwaya mata yadda yake.

Da aka sallami uwar, Tsuntsuwa ta riga ta iya rarrafe da tsayuwa jikin gado. Tasi ya tsaya a ƙofar gida, aka fito da ita da sanduna biyu, ta rame, fuskarta ta yi fari. Ta tsaya a gindin matakala ta ɗaga kai ta dubi hawa uku.

"Ina za ki?" in ji Gwaggo. "Ga gado nan. Ni dama katifa a ƙasa ta fi yi wa bayana daɗi."

"Gwaggo, nauyin ya yi yawa."

"Shiga, 'yar nan, kada ki sa ni tsayuwa."

Aka zaunar da ita a kujera mai hannu. Gwaggo ta ɗauko Tsuntsuwa ta ɗora mata a cinya. Uwar ta rungume ta, ta sa hanci a wuyanta. Tsuntsuwa ta dubi baƙuwar fuska, ta taɓe baki, ta fashe da kuka, ta miƙa hannu biyu wajen Gwaggo.

Gwaggo ta karɓe ta, kukan ya tsaya nan take. A daidai wannan lokacin ta ji wani daɗi ya ratsa ta tun daga ƙirji har ƙafa, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Sai ta ɗaga ido ta ga uwar ta kau da kai wajen taga, tana goge fuska da gefen mayafi. Daɗin ya koma mata kunya.

"Baƙunta ce," in ji ta. "Kwana biyu za ta saba."

Kwana biyu suka wuce, ba ta saba ba. Za ta yarda uwar ta yi mata wasa daga nesa, amma cokali sai daga hannun Gwaggo. In uwar ta miƙa, baki ya rufe gam. Wata rana da azahar uwar ta ajiye kwanon ta ce a hankali, "Ki ba ta kawai, Gwaggo. Ke ta sani. Ni na zama baƙuwa a wurin 'yata."

Gwaggo ta karɓi kwanon. Ta ba yarinyar abincinta, ta wanke kwano, ta daɗe tsaye gaban famfo ruwa yana zuba a hannunta.

Washegari ta jawo ɗan tebur gaban kujera mai hannu, ta ajiye karas da tasa, ta warware tsumman wuƙarta. Wuƙar da ko mijinta bai taɓa yanka lemo da ita ba.

"Ƙafa ce ta karye, ba hannu ba. Fere."

Uwar ta fere, ɓawon ya fito da kauri.

"Subhanallahi! Rabin karas ɗin kin ba kwandon shara. Haka kike yanka yadin mutane?"

Uwar ta yi dariya, karon farko tun dawowarta. Gwaggo ta kama hannunta ta gyara mata riƙon, ta nuna mata yadda babban yatsa ke jagora. Hannun tela ne, bai daɗe ba ya gane. Ta koya mata turarawa, da murzawa a rariya, da gwada zafi a bayan hannu. Ta ce yanzu yarinyar ta girma, a bar ɗan gudaji-gudaji don ta koyi tauna, haka nas ta ce. Ta gaya mata sirrin lasawa da santi.

Da lokacin ci ya yi, sai ta ɗauki mayafi da kwandon cefane.

"Ina za ki, Gwaggo?"

"Kasuwa."

"Ai kin je ɗazu."

"Na manta albasa."

Ba ta je kasuwa ba. Ta hau matakala zuwa kwanar farko, inda ba a hango ta daga ƙofa, ta zauna da kwando a cinya. Kukan ya taso. Ta san kowane irin kukan yarinyar nan, wannan na neman ta ne. Ta miƙe, ta sake zama. Gwaggon hawa na biyu ta sauko da bokiti, ta gan ta, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ji kukan, ta dubi fuskarta. Ta ajiye bokitin ta zauna kusa da ita. A ranar nan Tsuntsuwa ba ta ci ba, madara kawai ta sha.

Washegari ma albasa aka manta. Ranar da ta biyo baya ma haka. Uwar ta gane, amma ba ta tona ba. Wata rana Gwaggo tana zaune a kwanar sai ta ji kukan ya yanke da wuri. Ta kasa kunne. Muryar uwar ce take tasowa, tana santi da ƙarfi kamar mai wasan kwaikwayo: "Kai, daɗi! Ni kaɗai zan cinye abina!" Shiru ya biyo baya. Sai ƙarar cokali a gefen kwano, sai wata ƙarar, sai wata.

Gwaggo ta rufe fuska da mayafi. Ta yi kuka sosai, ita kanta ba za ta iya cewa na murna ne ko na rashi ba. Gwaggon hawa na biyu ta dafa mata baya ta ce, "Albasar nan taki akwai yaji."

Da ta koma ɗaki ta tarar da su biyun sun yi kaca-kaca da kabewa, har a gira. Tsuntsuwa ta gan ta, ta yi tsalle a cinya, ta yi mata gwaranci, amma ba ta miƙo hannu ba. Ta juya ta sake buɗe wa uwarta baki.

Sun yi watanni a ɗakin. Uwar ta ajiye sanda ɗaya, daga baya ta ajiye ɗayar, sai ɗan ɗingishi da ya zauna mata. Haƙora suka cika bakin Tsuntsuwa, ta fara warto abinci daga kwanon manya, rariya ta koma ƙusarta a bango. Ba ta daɗe a rataye ba. Matar mai aski ta haihu, bayanta matar ɗan sanda, kuma labari ya riga ya zaga layin. Sai ka ga uwa ta shigo da ɗa a baya da karas a leda tana cewa, "Gwaggo, wannan fa ya ƙi komai." Gwaggo ba ta dafa wa kowa. Takan zaunar da uwar gaban tebur ta sa ta yi da hannunta, ita kuwa ta riƙe jaririn, ta riƙe shi da kyau, kansa a gwiwar hannunta. In aka yi mata tambayar da ta fi ƙarfinta, ta ce a je wurin nas mai tabarau.

Ƙafar uwar ba ta ƙara son matakala ba, dole Mai Lantarki ya nemi gida a ƙasa, can wata unguwa kusa da shagon ɗinki. Sun roƙi Gwaggo ta bi su, har ɗaki suka ware mata. Ta ce a'a, wa zai riƙa yi wa matan layin nan faɗa a kan gishiri? Ranar tashi ta tsaya a ƙofa tana ba masu lodi umarni, ta yi wa direba faɗa a kan ɗaurin keken ɗinki, ba ta bari kowa ya ga idonta ba.

Yanzu duk Asabar takan hau bas biyu ta je. Uwar ta tare ta a ƙofa da faɗan kayan da ta ɗauko, ta amshe, ta zaunar da ita, ta kawo shayi. Tsuntsuwa ta shiga makaranta, bakinta ba ya shiru. Kwanan baya ta ce ta koyi kitso, kuma a kan Gwaggo za ta gwada. Gwaggo ta cire ɗankwali ta zauna a tabarma. Yarinyar ta tsaya a bayanta da mataji, ta ja, ta murɗa, ta ƙulla furfurar nan ƙulli-ƙulli, wani ya kalli gabas, wani ya kalli sama.

"Da zafi, Gwaggo?"

"Ko kaɗan," in ji Gwaggo, hawaye na taruwa a idonta don zafi.

Uwar ta leƙo daga kan keken ɗinki ta kama ciki don dariya. "Bari in warware miki kafin ki tafi, kada a ce mun wulaƙanta ki."

"Taɓa mini kai ki gani."

Haka ta ɗaura ɗankwali a kai, ya yi tudu-tudu, ta hau bas ta koma gida. Kitson ya kai har Laraba, sai da matar mai aski ta rantse ba za ta bar ɗakin ba in ba ta ga abin da ke ƙarƙashin ɗankwalin nan ba.